MAI SAYAR DA ALKAWARIN DA AKA RUBUTA A IKKO

Halin da ma'aikatan manyan kamfanonin inshora ke ciki a Galtimari ta Maiduguri

A daren Litinin, 9 ga watan Satumba na shekarar 2024, wayewar garin Talata, madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle, kogin Ngadda ya tumbatsa ya afka wa birnin Maiduguri. Unguwar Galtimari, wadda ke cikin Ƙaramar Hukumar Jere daura da barikin soja na Giwa, tana cikin unguwannin da ruwan ya ci, ita da Fori da Gwange da Bulabulin. Ruwan bai tsaya ba sai da ya kai fadar Mai Martaba Shehun Barno, ya shiga babbar kasuwa wadda aka sani da Monday Market, ya kuma shiga asibitin koyarwa na Jami'ar Maiduguri. Mutum kimanin 400,000 ne suka bar gidajensu. Rabon garin da ganin irin wannan tun 1994.

Da ruwa ya janye, kowa ya koma gida yana kwashe laka yana lissafin abin da ya rasa. To, a cikin masu wannan lissafi akwai wanda nasa lissafin biyu ne, watau ma'aikacin kamfanin inshora. Ruwan da ya ci katifar maƙwabcinsa shi ya ci tasa. Amma shi kafin tasa katifar ta bushe, sai ya ji sallama a ƙofar gida. Mai sallamar kuwa mutumin nan ne da ya yi wata da watanni yana bi, yana lallashi, har ya yarda ya sayi takardar inshora. Yau ga ranar da aka ce takardar za ta yi amfani, ga shi ya zo da ita a hannu, a jiƙe.

A nan ne sirrin wannan aiki yake. Kamfani yana Ikko, tafiyar kusan mil 1,000 daga Galtimari. Can aka rubuta alkawarin, can za a yanke ko a biya ko a ƙi. Amma mutumin Galtimari bai san Ikko ba, bai san shugaban kamfani ba. Wanda ya sani shi ne wannan da suke haɗuwa a sahu ɗaya a masallaci. Saboda haka abin da ma'aikacin inshora ke bayarwa jingina kullum ba dukiyar kamfani ba ce, mutuncinsa ne.

ZAMANIN DA AIKIN KE DA FARIN JINI

Turawa ne suka kawo sana'ar inshora ƙasar nan domin kare kayan cinikinsu da ke ƙetara teku. Kamfanin Royal Exchange na Ingila ya buɗe reshensa a Ikko a 1921, kuma shekaru da dama kamfanonin waje ne ke riƙe da harkar baki ɗaya. Dokar da ta fara haɗa talaka da inshora ita ce ta 1945, wadda ta tilasta wa duk mai mota ya yi inshorar da za ta biya wanda ya buge a hanya.

A 1969 Gwamnatin Janar Yakubu Gowon ta kafa kamfanin inshora na ƙasa, watau NICON, domin kuɗin inshora su daina zurarewa ƙasashen waje. Shi aka ba inshorar kadarorin Gwamnatin Tarayya, aka kuma umurci sauran kamfanoni su riƙa miƙa masa wani kaso na cinikinsu. A 1970 aka kafa kamfanin Leadway a Kaduna, wanda daga baya ya zama ɗaya daga cikin mafiya girma a ƙasar. A 1977 kuma aka kafa Nigeria Re, kamfanin da ke yi wa su kansu kamfanonin inshora inshora.

Wannan ya zo daidai da lokacin da Maiduguri ke bunƙasa. Jirgin ƙasa ya iso a 1964. Garin ya zama hedkwatar Jihar Arewa Maso Gabas a 1967, sa'an nan ta Jihar Barno a 1976. An buɗe jami'a a 1975. Ƙarin albashin Udoji ya shiga aljihun ma'aikata, kamfanin Fijo ya fara harhaɗa motoci a Kaduna, ma'aikata suka yi ta karɓar rancen mota, kowace mota kuwa sai da takardar inshora. A wancan zamani, yaron da ya gama sakandare ya sami aikin akawu a babban kamfanin inshora, to ya haye. Ga albashi ba fashi, ga kuɗin hutu, ga rancen babur ko mota, ga jarrabawar sana'a wadda in ya ci za a ɗaga shi. A 1978 aka kafa ƙungiyoyin ƙwadago biyu da suka haɗa ma'aikatan banki da na inshora, ɗaya ta manya, ɗaya ta ƙanana. NICON kuwa ƙarfinsa ya kai har ya sa jari a babban otal ɗin nan na Abuja da aka buɗe a 1987, wanda shekaru da yawa ake kira da sunansa.

Duk wanda ya san wancan zamani, in ya dubi na yanzu, zai ga lalle an yi nisa.

MA'AIKATA IRI BIYU A OFIS ƊAYA

Mai karatu, in ka shiga reshen babban kamfanin inshora a yau, za ka ga mutane da riguna masu tsabta da katin shaida a wuya, ka zaci duk ɗaya suke. Alhali kuwa iri biyu ne.

Na farko su ne ma'aikatan dindindin: manajan reshe, da akawun kuɗi, da mai auna haɗari kafin a yanka kuɗin inshora, da mai karɓar takardun neman diyya. Ba su da yawa, wani reshen ba su wuce a ƙirga da yatsun hannu ɗaya ba, don kwamfuta ta cinye aikin akawuna da masu buga tafireta da masinjojin da a da ke cika ofis. Waɗannan suna da albashi. Dokar fansho ta 2014 ta ce kamfani ya zuba musu kashi 10 cikin 100 na albashinsu a asusun fansho, su kuma a yanki kashi 8 daga nasu. Dokar ta kuma wajabta wa kamfani ya yi wa rayuwarsu inshorar da ba ta gaza ninki uku na albashinsu na shekara ba, domin in ta Allah ta kasance iyali su sami abin dogaro.

Na biyu su ne ejan-ejan, masu yawon neman ciniki. Su ne mafi yawa, su ne kuma ƙafafun kamfani. Galibinsu ba albashi suke ci ba, la'ada ce. In ejan ya kawo ciniki ya ci, in bai kawo ba ya kwana da yunwa. Wani kamfanin kan ba da ɗan kuɗin mota na 'yan watannin farko, daga nan sai a ce kowa tasa ta fisshe shi. Abin mamaki a nan, mutumin da ke yawo ofis-ofis yana tallar inshorar rai ta ma'aikata, sau da yawa shi kansa ba ya cikin waɗanda aka yi wa, don a takarda ba a ƙirga shi ma'aikaci ba.

Bari a yi ɗan lissafi. Tun daga ranar 1 ga Janairu, 2023, kuɗin ƙaramar inshorar mota ta gida ya tashi daga Naira 5,000 zuwa Naira 15,000 a shekara, diyyar ɓarnar da take biya kuma ta tashi daga Naira miliyan 1 zuwa miliyan 3. Dokar inshora ta 2003, kafin a maye gurbinta a 2025, ta ƙayyade cewa la'adar inshorar mota kada ta wuce kashi 12 da rabi cikin 100. Watau a kan Naira 15,000, mafi yawan abin da za a fitar la'ada shi ne Naira 1,875, kuma abin da ke isa hannun ƙaramin ejan bai kai haka ba. Daga ciki zai biya Keke Napep daga Galtimari zuwa cikin gari ya dawo, ya sa kati a waya. Mota nawa ke nan zai yi wa inshora a wata kafin ya sayi buhun masara?

Shi manajan reshe ma ba a kwance yake ba. Kowace shekara hedkwata kan yanka masa adadin kuɗin da zai tara, kamar yadda ake yanka wa na Fatakwal da na Ibadan. Ƙarshen wata a kira taro ta waya, a karanta sunayen rassa da abin da kowa ya kawo, ba a tambayar wane hali garinka ke ciki. Shi kuma sai ya juya ya sauke nauyin a kan ejan-ejan. Tun daga 2013 kuwa aka tsaurara ƙa'idar nan ta cewa in ba a biya kuɗi ba babu inshora. Wannan ta toshe wata tsohuwar ɓarna ta tara basussuka, amma a gari irin Maiduguri, inda cinikin miliyoyi ke tafiya bisa amana da "kawo in na sayar in biya", ta ƙara wa ejan wuyar aiki.

KATANGA BIYU: ADDINI DA TAKARDUN JABU

A duk ƙasar nan kuɗin da ake zubawa a inshora bai kai kashi 1 cikin 100 na arzikin da ƙasa ke samarwa a shekara ba, kuma mafi yawansa a Ikko da Abuja da wuraren man fetur yake. A Barno ejan na fuskantar katanga biyu kafin ya buɗe jakarsa.

Ta farko ita ce ta addini. Barno ƙasar malamai ce, kuma malamai da yawa suna ganin inshorar kasuwanci ta ƙunshi riba da caca da sayar da abin da ba a san tabbacinsa ba. Ba malaman gida kaɗai ba. A 1985 majalisar malaman fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi, a zamanta na Jidda, ta yanke cewa inshorar kasuwanci ba ta halatta ba, amma ta taimakon juna ta halatta. Saboda haka ejan Musulmi kan sha tambaya daga surukai da abokai, wani lokaci daga zuciyarsa ma, a kan halaccin abincin da yake kai wa iyali. Inshorar rai ta fi kowacce wuyar talla. Da ka ambaci mutuwa sai a ce maka Allah ya kiyaye, a sake zance.

An sami sauƙi ta wannan fuska da zuwan takaful, watau inshorar da aka gina bisa taimakekeniya. Sudan ce ta fara kafa irin wannan kamfani a 1979. A Nijeriya, hukumar kula da inshora ta ƙasa, NAICOM, wadda aka kafa a 1997, ta fitar da ƙa'idojin takaful a 2013, aka kuma ba kamfanonin Noor da Jaiz lasin a 2016. A wannan tsari masu zubi gudummawa suke bayarwa cikin asusu guda, a biya wanda masifa ta faɗa wa, in an sami rara a ƙarshen shekara a mayar musu da wani kaso. Mutumin da ya saba da adashi da kai gudummawa ranar jaje ba ya shan wuyar gane wannan.

Katanga ta biyu ita ce ta takardun jabu. Shekaru da yawa, a kewayen ofisoshin lasin mota na garuruwan ƙasar nan, akwai masu buga takardar inshora ta ƙarya da sunan kamfanonin da babu su, su sayar da araha. Direba ba ya neman komai da ita sai ya nuna wa ɗan sanda ya wuce. Ran da aka yi haɗari aka nemi kamfani aka rasa, sai a ce ai duk 'yan inshora macuta ne. Ƙungiyar kamfanonin inshora ta buɗe rumbun bayanai inda ake duba lambar mota ta waya a san ko takardarta ta gaske ce, 'yan sanda kuma sun tsaurara binciken takardar daga ranar 1 ga Fabrairu, 2025. Amma baƙin jinin da masu jabu suka jawo, ejan na gaske ne ke biyan bashinsa.

SHEKARUN TASHIN HANKALI

Daga 2009 Maiduguri ta shiga halin da kowa ya sani. A 2011 aka hana hawan babur a cikin gari, abin hawan da shi ne ƙafar ejan. A watan Mayu na 2013 aka kafa dokar ta-ɓaci, aka katse wayar salula na tsawon makonni, reshe ya rasa yadda zai yi magana da hedkwata. Ranar 14 ga Maris, 2014, aka kai hari barikin Giwa, mutanen Galtimari da Fori suka wayi gari cikin ƙarar harsashi. Da Bama ta faɗi a watan Satumba na wannan shekara, jama'a suka kwararo cikin gari, gidan da ke da mutum goma ya koma na talatin. Hanyoyin fatauci na Baga da Banki da Gamborun Ngala, inda kifi da shanu da kayan masarufi ke bi, suka mutu na wani lokaci. A farkon 2021 kuma aka kayar da turakun lantarki, garin ya daɗe cikin duhu.

Ga mai tunani daga nesa, ai lokacin haɗari shi ne kasuwar mai inshora. Ba haka abin yake ba. Takardar inshora ta yau da kullum, ko ta gobara ce, ko ta mota, ko ta kayan da ke kan hanya, tana da wani sashe da ke cewa ba ta ɗauki asarar yaƙi ko tawaye ko ta'addanci ba. Wannan ƙa'ida ce ta sana'ar a duk duniya, don asarar yaƙi in ta zo takan ci kowa lokaci ɗaya, ba asusun da zai iya ɗaukarta. Wanda ke son a rufe masa wannan sai ya sayi wata takarda dabam mai tsada, wadda sai manyan kamfanoni da ƙungiyoyin agaji na duniya.

To, mai motar da aka ƙone masa tirela a hanyar Damaturu, bayan ya yi shekaru yana biya ba fashi, wa zai gaya masa wannan? Ba shugaban kamfani ba ne. Wasiƙa ce za ta zo daga Ikko cikin Turancin lauyoyi, ma'aikacin reshe ya ɗauka ya kai, ya zauna a kan tabarma ya fassara ta da Barbarci ko Hausa ko Larabcin Shuwa. Daga ranar nan wani ba ya sake amsa masa sallama.

YADDA NEMAN DIYYA KE TAFIYA

Da asubahin Lahadi, 26 ga Fabrairu, 2023, kwana ɗaya bayan zaɓen shugaban ƙasa, gobara ta tashi a Monday Market ta cinye shaguna masu yawan gaske. Gwamna Babagana Umara Zulum ya ba da sanarwar tallafin Naira biliyan 1 ga waɗanda abin ya shafa, gwamnatin jiha ta kuma sake gina kasuwar. Shekara ɗaya da rabi bayan haka ruwan Alau ya shiga kasuwar. A duka biyun, abin da mafi yawan 'yan kasuwa suka dogara da shi gwamnati ce da 'yan uwa da masu hannu da shuni, don ƙalilan ne ke da inshora.

Su ƙalilan ɗin nan kuwa sai sun haye matakai. Da farko a sanar da kamfani da wuri. Sa'an nan a cika fom, a kawo hotuna, da rahoton 'yan kwana-kwana ko na 'yan sanda, da rasiɗan sayen kaya, da littafin da ke nuna abin da ke cikin shago ran da abin ya faru. In asarar babba ce, kamfani zai turo mai ƙiyasta asara, wanda sau da yawa daga wani gari zai taso. Shi zai rubuta rahoto, hedkwata ta duba ta yi tayi, in mai kaya ya yarda ya sa hannu, sai a biya. Dokar 2003, kafin a maye gurbinta a 2025, ta ba kamfani kwana 90 daga nan. Amma ɗan kasuwar da lissafinsa ke cikin kansa, ko wanda rasiɗansa suka ƙone tare da kayan, yakan maƙale tun a mataki na biyu.

Akwai kuma tarko uku da ke jawo rigima. Na ɗaya, takardar gobara zalla ba ta biyan ɓarnar ambaliya, sai in tun farko an ƙara kuɗi an shigar da ita. Haka ƙaramar inshorar mota, wadda kowa ke yi don 'yan sanda, ba ta biyan mai motar komai in ruwa ya ci motarsa, wanda ya yi wa ɓarna kaɗai take biya. Na biyu, akwai wani kaso na farkon kowace asara da mai kaya ke ɗauka da kansa. Na uku shi ne na rage darajar kaya. A misali, mai atamfofi yana da kayan Naira miliyan 10 a shago, amma don ya rage abin da zai biya sai ya ce na miliyan 5 ne. Gobara ta ci kayan miliyan 4. Shi yana jiran miliyan 4, tun da ba su kai biyar ɗin da ya yi wa inshora ba. Kamfani kuwa zai ce rabin kayanka ka yi wa inshora, rabin asararka za mu biya, watau miliyan 2. Faɗuwar darajar Naira tun daga 2023 ta jefa har masu gaskiya cikin wannan tarko, don kayan da aka ƙiyasta bara, bana kuɗinsu ya ninka.

A nan ne ake gane ejan na ƙwarai. Duk waɗannan sharuɗɗa suna cikin takarda da ƙananan haruffa, cikin harshen da mai saye ba ya karantawa. In ejan ya tsaya ya bayyana su dalla-dalla, mai yiwuwa cinikin ya watse, ga manaja na jiran adadi ƙarshen wata. In ya yi shiru ya karɓi kuɗi, ya ci la'adar yau, ya ajiye wa kansa abin kunyar gobe. Kowane ma'aikacin inshora yana wannan zaɓi kusan kullum, ba mai ganinsa sai Allah.

Ba kuwa duka ne baƙin ciki ba. Ran da aka miƙa wa matar marigayi kuɗin inshorar mijinta, yara suka koma makaranta, ko ran da mai shago ya sake buɗe ƙofa da kuɗin diyya, ma'aikacin da ya yi ta zirga-zirga da fayil ɗin yakan ga amfanin wahalarsa. Diyya ɗaya da aka biya a kan lokaci ta fi tallar rediyo ta shekara, don labarinta kan zaga majalisun unguwa kafin magariba.

IN KAMFANIN NE YA FAƊI FA?

Sauran abu ɗaya da ma'aikacin inshora ke kwana da shi a rai, shi ne lafiyar kamfanin kansa. Girman kamfani ba ya hana shi girgiza. A 2005 Gwamnatin Tarayya ta sayar da mafi yawan hannun jarinta na NICON ga rukunin kamfanonin Barista Jimoh Ibrahim, kuma a 2021 hukumar AMCON mai karɓar basussukan bankuna ta naɗa wa NICON da Nigeria Re sababbin shugabanni, bisa wata rigimar bashi da ta kai gaban kotu. Tsakanin 2005 da 2007 an tilasta wa kamfanoni ƙara jari, mai inshorar rai Naira biliyan 2, mai sauran inshora biliyan 3. Kamfanoni fiye da 100 suka koma 49. A 2022 kuma NAICOM ta soke lasin kamfanonin Niger Insurance da Standard Alliance, aka naɗa masu tattara kadarorinsu.

Duk lokacin da kamfani biyu suka haɗe, ofis biyu kan koma ɗaya, kuma reshen da ya fi nisa da hedkwata, wanda ya fi ƙarancin ciniki, shi aka fi saurin rufewa. In kuwa kamfani ya durƙushe, ma'aikaci yakan yi asara sau biyu. Haƙƙinsa na sallama ya shiga layin masu bin bashi, sa'an nan mutanen da ya sa suka yi shekaru suna zubin ajiya don karatun 'ya'yansu ko ranar tsufa, gidansa za su zo. Ofis an sa masa kwaɗo, amma gidan Galtimari kowa ya san hanyarsa, in ta yi zafi har gaban Bulama a kai shi.

A 2025 Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a sabuwar dokar gyaran harkar inshora, wadda ta maye gurbin ta 2003. Ta ɗaga mafi ƙarancin jari zuwa Naira biliyan 10 ga inshorar rai, biliyan 15 ga sauran inshora, biliyan 35 ga masu yi wa kamfanoni inshora, ta kuma tanadi asusun kare masu inshora in kamfani ya gaza. Wannan asusu in ya yi aiki, ejan zai sami abin faɗa wa maƙwabtansa. Amma waɗanda suka ga abin da ya biyo bayan 2007 sun san ƙarin jari kan zo da haɗewar kamfanoni, haɗewa kuma kan zo da takardar sallama.

ABIN DA YA RAGE GA IKKO

Magungunan ba ɓoyayyu ba ne. A fassara muhimman sharuɗɗan takardar inshora cikin Hausa da Barbarci, shafi ɗaya tak mai nuna abin da za a biya da abin da ba za a biya ba, a karanta wa mai saye gaban shaida. A ba manajan reshe ikon biyan ƙananan diyya nan take ba sai fayil ya je Ikko ya dawo ba. A horar da masu ƙiyasta asara 'yan gari, waɗanda suka san yadda ake ciniki a Monday Market da Kasuwar Gamboru. Ejan da ya daɗe yana kawo ciniki a sa masa ɗan albashi tsayayye, a shigar da shi cikin inshorar da yake tallata wa wasu, don mai jin yunwa ba ya tsayawa dogon bayani. In an zo yanka adadi kuma, a tuna garin da ya sha yaƙi da gobara da ambaliya cikin shekara 15 ba a auna shi da mudu ɗaya da Ikeja.

Maiduguri gari ne da ya san asara fiye da kowane babban gari a ƙasar nan, saboda haka babu inda ya fi shi bukatar inshora ta gaskiya. Kamfanin da ke son wannan kasuwa ba shi da wata kadara a Barno da ta wuce mutumin nan da ke fitowa daga Galtimari da safe, da jaka a hammata, yana tsayar da Keke Napep. Muddin maƙwabtansa na amsa masa sallama da sakin fuska, kamfani na da ciniki. Ran da suka daina, ko jarin kamfani ya kai biliyan ɗari, ba mai sayen alkawarinsa.